Kifi Talatin na Kawu Busasshe

Kawuna ya yi shekara goma sha tara yana shugabancin ƙungiyar masunta, kuma a iya sanina bai taɓa kama kifin da zai ishi kyanwa karin kumallo ba. Busasshe ake ce masa. Ba don rama ba, mutum ne mai jiki, wuyansa har ninki biyu. Sunan ya samo asali tun yana saurayi, lokacin da Kaka, mahaifinsa, yake fita da shi tafki da sassafe. Kowa ya dawo jiƙe sharkaf, shi kuwa ya dawo wandonsa ko ɗigo babu, don tun tashi har dawowa yana ƙudundune a tsakiyar kwalekwale, ya riƙe gefe da hannu bibbiyu, yana ba mutane shawarar inda za su jefa taru. Kaka ya gwada faɗa, ya gwada lallashi, daga baya ya haƙura ya ce a bar shi a tudu ya riƙa tsaron takalma.

A wajen tsaron takalman nan ya koyi sana'arsa ta gaskiya. Duk wanda ya zo bakin ruwa, dillali ne, direba ne, ko ma'aikaci mai rungume da fayil, da Kawu zai fara cin karo, kuma kafin masu kwalekwale su iso ya gama ba shi labarin tafkin kaf, zurfinsa da halin kifinsa, sai ka rantse shi ya haƙa shi. Ran da aka ce dole masunta su yi ƙungiya mai takarda da hatimi, aka duba aka ga kowa na da aikin yi ban da shi, sai aka ba shi. Ya sayi biro uku ya jera a aljihun gaba, ya sa aka yanka masa hatimi mai hoton tarwaɗa, ya kafa tebur a cikin rumfar kwano, daidai inda iska ba ta kawo ƙarni. An yi zaɓe sau huɗu bayan haka. Duk wanda ya tsaya takara da shi sai ya tuna shugaba ba ya samun fita kamun kifi, ya janye.

Kada in yi masa ƙazafi, Kawu ba ɓarawo ba ne. Abincinsa yabo. In mota mai tambarin ofis ta tsaya a bakin titi, nan take ciwon gwiwar da ke hana shi taya kowa jan kwalekwale yake warkewa, ya haura gangaren da gudu-gudu yana gyara hula. Yana da jakar hotuna guda, duk shi ne da baƙi, yana riƙe da kifin wani da yatsa biyu, ya miƙar da hannu can nesa da riga.

Inna, mahaifiyata, yayarsa ce, ta girme shi da shekara goma sha ɗaya. Yana ɗan shekara biyu uwarsu ta rasu, a bayan Inna ya girma. Ita ta koya masa tafiya, ita take ɓoye shi in Kaka ya ɗauko igiya. Har yau da furfurarsa Auta take ce masa, in ya yi tari a teburinsa sai ta ɗago daga aikinta ta dube shi. Aikinta gyaran kifi. Bencinta yana bakin rumfa, wurin farko da mai saye zai tarar in ya gangaro daga titi. Katakonta ya yi rami a tsakiya saboda sara, wuƙarta washi ya cinye ta har ta koma siririya. Ta kankare ɓawo, ta tsaga ciki, ta zaro kayan cikin da yatsa biyu, ta wanke, ta miƙa. Shekara arba'in tana wannan. Ka ɗora mata kifi a katako, kafin ta tsaga za ta gaya maka daga wane gefen tafki ya fito, da abin da ya ci jiya.

Shekara huɗu da suka wuce wani mutum ya kama tsohon sito a bakin rafin da ke zuba a tafkinmu, ya kafa injin niƙa roba. Mai Inji muke ce masa, ban taɓa ganin fuskarsa ba. Fasassun bokitai, jarkoki, kujeru, silifa, duk ana kawo masa a mota. Ya niƙa, a wanke ɓarɓashin a manyan durom, a shanya, a ɗura a buhu a sayar. Ruwan wankin kuwa bututu ɗaya ne yake bi, ya faɗa rafi.

Ba a rufa shekara ba Inna ta fara gani. Ta tsaga karfasa, ta ga wani abu shuɗi a cikin hanji, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ta murza, bai murzu ba. Washegari ja, jibi kore. Ta sami kwalbar magani ta riƙa tarawa. Sauran matan rumfa ma sun gani, su dai yarwa suke yi. Ita abin da ya hana ta sukuni daban ne: wanda ido ya gani an cire, to wanda ya niƙu ya fi haka fa? Shekara arba'in tana miƙa wa mutane kifi tana cewa a ci hankali kwance, yanzu kalmar ta fara yi mata nauyi a baki.

Ta kai wa Kawu kwalbar har teburinsa. Ya ɗaga ta sama, ya karkata kai kamar mai duba zinariya, sannan ya ce kifi ai komai ci yake yi tun zamanin Kaka, ta wanke ta yi shiru.

Ni ina aiki a shagon buga takardu da ke kan babban titi, don haka ni na rubuta takardar ƙorafi zuwa ofishin kula da muhalli. Mata goma sha ɗaya suka dangwala, Inna a sahun farko. Muka kai wa Kawu ya buga hatimi, ya ce tawadar ta bushe. Ranar da yamma na gan shi yana buga wa wani mai sayar da igiya hatimin har sau biyu. Muka aika da ita haka nan.

Wata huɗu shiru. A cikin watannin nan magana ta fita, masu zuwa da motoci daga gari sayen kifi suka fara tambaya, wasu suka ɗauke ƙafa. Mata biyu suka zo shagona suna tambaya ko ana iya cire yatsan mutum daga takarda bayan ta tafi. A rumfa aka fara yi wa Inna kallon wadda ta jawo. Daga nan amsa ta zo: za a turo wata malama daga jami'a ta gwada kifin, in an sami abin da muka ce, za a hana Mai Inji zuba ruwansa a rafi. Inna ta fahimci abin sarai. Ta ce min ko dai a toshe bututun, ko kuma ta zama maƙaryaciya da tsufanta, babu na uku.

Amsar ba hannunmu ta zo ba. Ofis hatimi ya sani, ko da hatimin da aka hana, don haka ga shugaban masunta aka aiko ta, da lambar wayar malamar.

Kowa a bakin ruwa ya san kwalekwale kafin ƙarfe bakwai suke dawowa, kafin takwas an sayar an watse. Kawu ya ce wa malamar ƙarfe tara. Tara ɗin kuwa ta iso, yarinya ce ba ta fi ni ba, da farin takalmi, da safar hannu, da kula cike da ƙanƙara. Mutuniyar kirki ce, amma kifi a littafi ta san shi. Ta tara mu ta yi bayani: karfasa talatin take so, kamun safiyar nan, daga cikin tafkin, ba a tsaga ba, kada leda ta taɓa su. Inna ta nuna mata kwalbar. Ta duba da kyau, ta ce waɗannan ai manya ne, waɗanda ta zo nema sai da madubin ɗakin gwaji ake ganinsu. Na ga fuskar Inna a lokacin. Shekara biyu tana faɗin wannan magana ana yi mata dariya, yau ga mai ilimi ta maimaita ta a gaban kowa.

Sai ga kwalekwale ɗaya ya ɓullo daga bayan ciyayi, Dogo, surukin Kawu, yana tuƙawa. Dogo mutum ne da kan yini bai ce uffan ba, shi ya sa aka zaɓe shi. Kawu ya ce Allah ya taimake mu, ga na ƙarshe nan bai sayar ba. Aka juye kifin a babban faranti aka kawo gaban bencin Inna. Malamar har da murna, wai sun zo kai ɗaya, aikinta zai yi sauƙi. Sannan ta juya ga Inna, tunda sunanta ne na farko a takarda.

"Mama, irin waɗannan ne kike gyarawa kullum?"

Inna ta ɗauki ɗaya. Ni a gindin bencin nan na tashi, tun kafin ta juya shi na gane. Kifin tafki ba ya zuwa kai ɗaya. Bayansa duhu ne, jikinsa tauri, wuyansa da shatin taru. Waɗannan fari-fari ne, cikinsu luɓus da kitse, ba ko ƙwarzane, suna warin abincin buhu. Kifin kiwo ne, na kwamin siminti, waɗanda ba su taɓa shan ruwan rafinmu ba.

Ta ɗago ta dubi ƙanenta. Yana tsaye bayan malamar, gumi na bin ninkin wuyansa, yana yi mata wani kallo da na tabbata tun yana ɗan shekara biyar yake yi mata shi in ya fasa abu. Mutum ya fi talatin a wurin, har da direban malamar. Matan rumfa duk sun gane, duk sun sunkuyar da kai. Inna ta ajiye kifin a hankali, ta goge hannu a zaninta.

"Karfasa ce," in ji ta.

Malamar ta rubuta. Ni kuma, da nake ta zagin mutane a wannan labari, bari in faɗi inda nake. Ina tsaye ina jira Inna ta ƙara magana. Ba ta ƙara ba. Da malamar ta ce a taimaka a riƙe mata murfin kula, ni na riƙe, har ta gama naɗe talatin ɗin ɗaya bayan ɗaya.

Ta so ta ɗebi ruwa a bakin rafin. Kawu ya ce taɓo ne har ƙugu. Ta dubi farin takalminta, ya kai ta can ɗaya gefen, inda duwatsu suke, ruwa garau, ta cika kwalabenta. Kafin ta shiga mota ya sa direban ya ɗauke su hoto.

A gida na zazzage wa Inna abin da ban taɓa gaya mata ba. Ta bar ni har na gaji, tana tsintar wake ba ta ɗago ba. Daga ƙarshe ta ce, "A gaban baƙi kike so in kwance masa zani? Ni na goye shi." Ta ƙara da cewa watakila malamar za ta gane da kanta in ta tsaga. Ita ma ta san ba za ta gane ba.

Sauran bayanin daga bakin Dogo ya fito, don ashe shirun nasa na rashin mai tambaya ne. Wani ɗan fansho ke kiwon kifi a bayan gidansa da ruwan burtsatse. Can Kawu ya sayo su da sassafe, aka kawo a keke mai ƙafa uku, aka loda wa Dogo a bayan ciyayi, aka ce ya jira sai ya ji hon ɗin mota. Na yi ta bincike ko Mai Inji ya ba Kawu wani abu. Ko ruwan sha bai ba shi ba, bai ma san an yi ba. Wallahi da cin hanci ya yi da na fi ganin girmansa, don aƙalla da na ce yunwa ce.

Na same shi a teburinsa na tambaye shi. Ko gezau. Ya ce in zauna, ya ce ke 'yar nan boko ya yi miki yawa. In takarda ta fito ta ce kifinmu da roba, wa zai sake saye? Gida nawa ke ci daga bakin ruwan nan? Bututu za a toshe a rana ɗaya, amma sunan kifi in ya ɓaci sai shekaru. Ya ce shi kasuwa ya ceta, wata rana za mu gode masa. Ba zan ce maganar ba ta da ƙamshin gaskiya ba. Amma na san Kawu. Abin da ba zai iya haɗiya ba shi ne a ce a zamanin shugabancinsa kifi ya lalace. Ko a lokacin da yake maganar, hannunsa na kan hatimin yana shafawa.

Bayan wata biyu sakamako ya fito: ba a sami abin tayar da hankali ba a kifin tafki. Kuma don a san Kawu ba ya jin kunyar kowa, shagona ya kawo takardar. Kwafi hamsin, ɗaya a lulluɓe ta da roba kada ruwa ya taɓa. Mai shagon na tsaye, na buga. Kawu ya manna lulluɓaɓɓiyar a jikin ginshiƙin rumfa, daidai tsayin idon mai saye.

Na sake rubuta wa ofis, na faɗi duk yadda aka yi. Aka amsa da layi uku, an bincika an rufe magana. Na kira malamar. Ta saurare ni, sannan ta ce ita abin da aka ba ta ta gwada, shugaba ya sa hannu cewa daga tafki ne, kuma mai ƙorafin da kanta tana wurin ba ta musa ba. Na kashe wayar.

Masu motoci suka dawo. Mai Inji ya ƙaro inji na biyu. Matan da suka sunkuyar da kai ranar, waɗanda suka san kifin kiwo kamar yadda suka san 'ya'yansu, su ne suka fi kowa ɗaga murya cewa Inna ta kusa kashe musu kasuwa. Aka kira taro, aka ce bai dace mai saye ya fara cin karo da ita ba, a mayar da bencinta can baya, kusa da kwatar da ake zubar da kayan ciki. Kawu ne ya jagoranci taron. Ya miƙe, ya gyara biro, ya roƙi jama'a su yi haƙuri da Yaya, ba da mugun nufi ta yi ba, tsufa ne, ido ya fara rauni. Har tafi aka yi masa saboda adalci. Inna ta ɗauki katakonta da kanta, ni na ɗauki bencin.

Daga ranar ba ta sake zancen roba ba. In ta tsaga ta gani, sai ta ɗauke da bakin wuƙa ta yar a kwata, ta ci gaba. Tsofaffin masu sayenta kaɗan suna zagayowa baya su same ta, don har yanzu ba wanda ya kai ta gyara. Amma ta daina ce wa kowa ya ci hankali kwance. Miƙawa kawai take yi.

Bana 'yata ta fara cin abinci, kuma a wajen Inna take yini in na tafi shago. Wata rana da la'asar na zo ɗaukarta na tarar da Kawu zaune a tsakar gida kan kujerar Inna, ya ɗora yarinyar a cinya yana yi mata wasa da biro. A gefen ƙafarsa ga bokiti da karfasa huɗu, fari-fari, kai ɗaya. Inna na gindin murhu, ta dafa kifi tana cire ƙaya tana marmasa tsokar a ƙaramin kwano. Kawu ya leƙa kwanon, ya dubi ƙofa, ya rage murya.

"Yaya, wannan na tafki ne?"

Ta ce na tafki ne.

"Kar ki ba yarinyar nan. Ga wannan na kawo. Mu ma a gida tun bara muka daina ci. Ai ni na san ba ƙarya kike yi ba."

Hannun Inna ya tsaya a cikin kwano. Ta ɗago ta dubi ƙanen nata. A duk faɗin garin nan mutum ɗaya ne ya yarda da ita ɗari bisa ɗari, kuma ga shi zaune a kujerarta. Ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba, "Ka faɗa a rumfa."

"Haba Yaya," ya ce, har da 'yar dariya. "A rumfa kuma?"

Ya duba agogo, ya ce yana da baƙi daga ofis, ya sauke yarinyar, ya ce in gaida maigidana. Ya tuna mana a mayar masa da bokitin in an gama.

Na ce wa Inna ta bari in bi shi da kifinsa in watsa masa a riga. Ta dubi kwanon, ta dubi yarinyar da ta riga ta miƙo hannu tana buɗe baki. Sai ta ture kwanon gefe, ta jawo bokitin, ta ce in miƙo mata wuƙa.

Washegari na raka ta bakin ruwa, ina ɗauke mata da ruwan wanki. Ba ta daɗe da zama ba wata baƙuwar mata ta zagayo baya, da goyo a bayanta da wani yana riƙe da zaninta, ta ɗora karfasa uku na tafki a katako. Inna ta tsaga na farko, ta ɗauke wani abu ja da bakin wuƙa. Matar ba ta lura ba. Ta ce ita sabuwar zuwa ce unguwar, ta ji an taɓa yin surutu a kan kifin nan, ko lafiya lau ne a ba yara? An ce mata ta tambayi tsohuwar baya, ita ta fi kowa sani.

Inna ba ta ɗago ba. Ta ɗaga wuƙar ta nuna mata ginshiƙin da takardar ke manne, ta ce ta je ta karanta, sannan ta jawo kifi na biyu.